Kundin gashin ƙarfen dogo a shagonmu na Suame

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau aka kawo ƙarfen. Guntaye uku ne daga wani dilan tsofaffin ƙarafa a nan Magazin, unguwar makanikai da maƙera ta Suame a Kumasi, kuma ba mu biya ba sai da muka ga takardar gwanjon da ya saye su da ita. Cire ƙarfe daga layin jirgi laifi ne, wanda ya saya ba takarda kuma ya jefa kansa ciki.

Na farko tsawonsa mita 1.2, nauyi kilo 46. Wannan ya yi daidai da dogon da ake kira mai fam 80 a kowane yadi, wato kusan kilo 39.7 a mita idan sabo ne, ragowar kuwa ƙafar jirgi ce ta cinye. Na biyu santimita 90, kilo 26, ya fi siranta kuma da gani ya fi tsufa. Na uku kilo 11, ba shi da siffar dogo sosai, kamar an yanko shi daga mahaɗar layi. Kilo 83 a kan sidi 7, sidi 581 ke nan. Mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya karɓi 60.

Abin da muke nema biyu ne: kurfin yankan rodi da sassaƙar kankare wanda bakinsa ba zai fashe ba kuma ba zai lanƙwashe ba, sai ƙaramar uwar maƙera guda biyu. Kurfin dogo da ake yi a unguwar nan yakan tsage, mutane su ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Mu muna ganin gashin ne, wato yadda ake zafafa ƙarfe a tsoma shi don ya yi tauri, ba a yi daidai ba, kuma za mu auna mu gani.

Layin Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Accra a 1923, dukansu masu faɗin milimita 1,067, kuma an sha sauya ƙarafa tun daga lokacin. Don haka abin da ke zube a wurin dilolin nan ba iri ɗaya ba ne. Kowane guntu sai an bincike shi shi kaɗai.

Talata, 14 ga Janairu

Gwajin tartsatsi da mayen ƙarfe. Na farko ya ba da tartsatsi mai yawa, fari-fari, mai fashewa rassa-rassa kusa da faifai, alamar kabon mai yawa. Na biyu rassansa sun fi ƙaranci. Na uku mayen ƙarfe bai kama shi ba ko kaɗan, magagari kuma ya ɗan ci sau biyu sannan ya fara zamewa.

Wannan shi ne ƙarfen Hadfield, wanda Robert Hadfield ya samar a Ingila a 1882. Manganis ɗinsa kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari ne, kabon sama da kashi 1, kuma da shi ake zuba mahaɗar layi saboda bugu ne ke ƙara masa tauri. Gashinsa ya saɓa wa na sauran: ana kai shi wajen digiri 1,050 a tsoma a ruwa don ya yi danƙo, idan kuma aka ɗumama shi tsaka-tsaki aka bar shi ya huce a hankali sai ya yi gautsi. Bai da wuri a wannan aikin. Mun shafa masa jan fenti mun ajiye gefe kada wani yaro ya jefa shi wuta. Sidi 77 sun kwanta ke nan, da an je wurin dila da mayen ƙarfe a aljihu da ba a saya ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yanka. Dila da wutar gas ya yanke guntayen, kuma bakin da wuta ta bi ya yi tauri har magagari ba ya kamawa, domin ƙarfen da ke baya ya tsotse zafin da sauri kamar an tsoma shi. Mun cire milimita 6 daga kowane baki da faifan giranda.

Daga na farko: guda biyu masu santimita 30 don uwar maƙera, sauran kuma kashi huɗu masu kusan santimita 15. Kowane kashi mun raba kai da wuya da ƙafa, muka tsaga kan gida huɗu. Sanduna 16 suka fito. Daga wuyan muka yanki ƙananan gutsattsari na gwaji, tunda narki ɗaya ne da kan.

Saman kan dogo, inda ƙafar jirgi ta shekara tana bi, ba a ƙera shi haka nan. Mun jiƙa shi da kananzir minti 20, muka goge tas, muka shafa alli da aka dama da ruwa. Da ya bushe sai ga siraran layuka baƙaƙe sun fito a kafaɗar da ke cikin layi, jere kamar haƙarƙarin kifi. Tsagar gajiya ce. Mun ci milimita 3 da giranda, muka sake gwadawa, a wuri ɗaya sai da muka kai 5 kafin allin ya fita fes. Tsagar da aka bari a nan ita ce za ta buɗe a cikin mai. Faifai 8 suka ƙare, sidi 224.

Asabar, 18 ga Janairu

An gina tanderu. Bulo mai jure wuta mara nauyi 14, sidi 630. Yumɓun liƙi 120. Bona da regileta 380. Cikon tukunyar gas 245. Cikinsa santimita 35 a 15 a 15. Mun karkata bakin bona ya bugi bango maimakon ƙarfe, don harshen wuta kada ya ƙona gefe ɗaya.

Litinin, 20 ga Janairu

Ma'aunin zafi ya zo, wayar tamokwafil nau'in K da agogonta, sidi 520. Kafin mu yarda da shi mun gwada shi da abubuwan da aka san zafinsu. Ruwa yana tafasa agogo na nuna 84. Muka sa gishirin girki a ƙaramin kasko cikin tanderu, ya narke agogo na nuna kusan 610, alhali gishiri a 801 yake narkewa.

Laifin ba na wayar ba ne. Agogon a kan nau'in J aka saita shi, kuma wayar J ta fi K ba da lantarki a kowane digiri, don haka yake karanta ƙasa. Da mun bi shi muka jira ya nuna 815, da ƙarfen ya haura 1,050, ƙwayar cikin jikinsa, wadda ake gani idan an karya shi, ta kumbura, mu kuma muna ɗora wa ƙarfe laifi. Bayan an mayar da shi K: ruwa 99, wayar alminiyom ta narke a 657 maimakon 660, gishiri a 797. Daga yau muna ƙara digiri 4 a kan abin da ya nuna a sama.

Mayen ƙarfe yana sakin ƙarfe a wajen 770. Alama ce mai kyau idan babu ma'auni, amma ba nan ake tsomawa ba, sai an ƙara kamar 40 zuwa 50.

Laraba, 22 ga Janairu

Awon taurin asali. Mun haɗa gwajin Brinell da abin da ke hannu: ƙwallon boris mai milimita 10, injin matsi mai jak da agogon matsi, nauyin kilo 3,000 na sakan 15, sannan a auna faɗin ramin da kalifa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Kowane guntu sau uku, a ɗauki tsakiya.

Na farko: rami milimita 3.7, wato taurin Brinell 269. Na biyu: 4.1, wato 217.

A ƙa'idar Turai ta EN 13674-1, dogon R260 taurinsa 260 zuwa 300 ne, kabon kashi 0.62 zuwa 0.80, manganis 0.70 zuwa 1.20, kuma ba ya tsinkewa ƙasa da megafaskal 880. R200 taurinsa 200 zuwa 240, kabon 0.40 zuwa 0.60. Ba mu yi awon sinadari ba, amma na farko ya faɗa gidan R260, na biyu gidan R200, kuma tartsatsin ya goyi bayan haka. Za mu gasa na farko a matsayin mai kabon wajen 0.7.

Ƙwallon boris ba ya aiki a kan ƙarfen da ya wuce kamar 450, shi ma yakan baje. Kurfin da aka taurara sai an kai shi injin Rockwell, wani ma'aunin tauri mai lambobinsa daban.

Asabar, 25 ga Janairu

An ƙera sanduna 16 zuwa kurfi masu santimita 20. Wutar ɓawon kwakwar manja muka yi amfani da ita don a rage gas. Ana fara duka yana ruwan lemo mai haske, wajen 1,050, a daina idan ya sauko ja, wajen 850. Ƙarfen yana da taurin kai ƙarƙashin masaba, ya fi sifirin mota.

Guntu na biyu mun goge fuskar yankansa muka shafa ruwan asid mai rauni. Wani baƙin zare ya fito daga tsakiyar wuya ya shiga kai. Dattin da ke taruwa a tsakiyar curi ne lokacin da ake zuba ƙarfe a tsohuwar hanya. Ba za a yi abin duka da shi ba, za a bar shi don ƙafafun benci.

Talata, 28 ga Janairu

Gwajin tsomawa na farko, kurfi shida, kai tsaye daga ƙira. Uku a ruwa, uku a man girki. Lita 20 muka saya sidi 540, a garwar ƙarfe mai murfi, an ɗumama shi zuwa 55. Zafin tsomawa 815.

Na ruwa: na farko ya yi ƙara “ƙis” tun yana cikin bokiti, tsaga ta bi tsawonsa daga baki har santimita 7. Na biyu ya tsage a kafaɗa, inda kauri ya sauya. Na uku ya fito lafiya, muka bar shi a benci da gangan ba tare da an sassauta shi ba, wato an sake ɗumama shi kaɗan don a rage masa gautsi.

Dattijon maƙerin da ke jikin shagonmu ya leƙo ya ɗauki na farko ya juya shi. Ya ce, “Ɗana, ni da ruwa na tashi, fartanya da gatari duk da ruwa nake shayar da su.” Na ce, “Gaskiya ne Baba, amma baki kawai kuke tsomawa, ku ciro, zafin jiki ya dawo ya sassauta shi. Kuma ƙarfenku bai kai wannan manganis ba.” Ya gyaɗa kai ya ce a nuna masa na mai idan an gama.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Sama da digiri 727 ƙarfe mai wannan kabon yana komawa ostanayit, kabon ya narke a cikinsa. Idan ya huce a hankali sai ya zama falayit, wato faranti-faranti na ƙarfe mai laushi da kabaid mai tauri a jere, kuma haka ake son dogo ya kasance. Idan ya huce da gaggawa kabon ba ya samun fita, sai a wajen digiri 200 ya fara juyewa matansayit, mai tauri da gautsi, wanda kuma ya fi ostanayit girman jiki da kusan kashi 4 cikin ɗari. Manganis yana jinkirta samuwar falayit, don haka taurin yana shiga har ciki. A ruwa, fata ce ke fara taurara, sannan ciki ya kumbura daga baya ya tura fatar da ba ta iya miƙewa. Mai yana rage tazarar zafi tsakanin fata da ciki, su juye kusan tare.

Na mai ukun duk sun fito ba tsaga, magagari na zamewa a kansu. Mun karya ɗaya a gefen uwar maƙera don a ga ƙwaya. Tana ƙyalli, manya-manya kamar sukari. Wannan ba ta yi ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Kurfin ruwa na uku da aka bari a benci mun same shi da safe a tsage. Babu wanda ya taɓa shi. Daga yau duk abin da aka tsoma zai shiga sassautawa kafin ya gama hucewa, da zarar hannu ya iya riƙe shi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Gyaran ƙwaya. Zafin ƙira shi ya kumbura ta. Kurfi 12 da suka rage, har da biyu na mai, an kai su 870 aka riƙe minti 10 aka fitar suka huce a iska har suka yi baƙi. Sannan 840, sannan 810, duk haka. Ba a ajiye su a ƙasa ko a kan ƙarfe mai sanyi, a kan bulo biyu ake ɗora su iska na bi ta ƙarƙashi. Iskar hunturu na shigowa ta ƙofar gabas, sai muka kare da kwano don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya.

Mun sa gutsuren wuya ɗaya tare da su, muka tsoma a mai muka karya. Ƙwayar ta koma toka-toka, sumul, ba ƙyalli, kamar fasasshen tangaran.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gyaran baki da giranda. An bar kaurin milimita 1.5 a bakin, ba a wasa shi sai bayan gashi. An kashe duk wata kusurwa mai kaifi a kafaɗa. An sayi tsohon oban na lantarki don sassautawa, sidi 450. An sake cika gas.

Talata, 4 ga Fabrairu

Tsomawa ta biyu. Uku-uku ake sa su, a jira agogo ya dawo 815, a riƙe minti 15. Mun rage iskar bona har ɗan harshen wuta ya riƙa leƙowa ta ƙofa, don a rage ɓawo. Ana kama kurfi da awartakin da aka ɗumama, a shigar da shi a tsaye baki ƙasa, a riƙa ɗagawa da saukewa, ba a kaɗa shi gefe da gefe don kada ya karkace. Bayan kowane uku mai yana haura 80, sai a jira ya sauko. Dukan 12 sun fito lafiya, alli bai nuna komai ba.

Sassautawa kashi huɗu: 200, 240, 280, 320, kowanne awa ɗaya sau biyu, tare da gutsuren gwaji ɗaya. Agogon oban ba abin dogaro ba ne, yana wuce abin da aka saita da digiri 25 kafin ya yanke, don haka muka binne kurfin a tiren yashi muka cusa tamokwafil a ciki.

Muna tsakiyar kashi na uku wuta ta ɗauke. Kashi na huɗu an riga an tsoma su, kuma ba za su jira ba. Muka ɗora tiren yashi a kan risho na gas, wuta ƙasa-ƙasa, yaro ɗaya na zaune yana kallon agogo yana juya yashin. Ya riƙe tsakanin 312 da 328. Ya yi, amma nan gaba ba za a tsoma kashi na gaba ba sai na baya ya fita daga oban.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An kai gutsattsari shida wani ɗakin gwaji mai injin Rockwell, sidi 300. Karatun farko ya ba mu tsoro: wanda ba a sassauta ba ya nuna 49. Mai injin ya ce, “Masta, kun goge fatar kuwa?” Ba mu goge ba. Dogon zama a wuta, ƙira da gyaran ƙwaya sau uku, ya ƙone kabon ɗin fata. Aka ci rabin milimita a hankali ana tsoma shi a ruwa kada ya yi zafi, aka sake.

Wanda ba a sassauta ba 63. Na 200 ya ba da 60, na 240 ya ba da 58, na 280 ya ba da 56, na 320 ya ba da 53. Wani da muka kai 450 ya ba da 44.

Darasin fatar nan ya shafi kurfin kansu: dole wasa baki ya wuce wannan rabin milimita, in ba haka ba bakin zai yi laushi a ce gashi bai kama ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gwajin aiki. An wasa baki a kusurwar digiri 60. Kowane kurfi ya yanki rodi mai milimita 12 da guduma mai kilo 2, a duba baki bayan kowane yanka biyar.

Na 200 biyu sun ɓantare kafin yanka na goma. Na 240 dukansu sun kai 40, baki ya ɗan dakushe kawai. Na 280 sun kai 40, ɗaya ya ɗan ɓalle a kusurwa. Na 320 ba su ɓantare ba amma bakin ya fara bajewa tun a 20. Tsakanin kamar 250 da 400 akwai inda ƙarfe irin wannan ke rasa jure duka ko da taurinsa ya ragu, don haka abin da na 280 ya yi bai ba mu mamaki ba. Mun tsaya a 240.

Kuskure babba ya fito ta ƙeya. Mun taurara kurfin gaba ɗaya, har inda guduma ke sauka. A yanka na 30 wani ɓarɓashi kamar ƙwayar shinkafa ya tashi daga ƙeyar ɗaya ya kafe a katakon ƙofa. Duk wanda ke wurin yana da gilashin ido, amma wannan ba kurfin da za a miƙa wa magini ba ne. An dakatar da gwaji nan take.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Gyaran ƙeya. An tsayar da kowane kurfi a gwangwanin ruwa, baki ƙasa, ruwa ya rufe santimita 6. An goge jikin ya yi fari, aka hura wutar gas a ƙeya a hankali. Launi yana gangarowa: ruwan karan dawa, makuba, shuɗi, sannan toka. Ana so santimita 4 na sama su wuce shuɗi su shiga toka, wajen 450, amma kada su yi ja. Magagari yanzu yana cin ƙeyar. An zagaye gefenta da giranda.

Na 200 an sake sassauta su a 240. Na 320 ba a mayar musu da tauri sai an sake tsomawa daga farko.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Uwar maƙera. A nan muna gwada abin da masana'antar dogo ke yi. Dogon R350HT sinadarinsa kusan ɗaya ne da R260, kabon 0.72 zuwa 0.80, amma taurinsa 350 zuwa 390, ƙarfin tsinkewa daga megafaskal 1,175. Ba matansayit ke ba shi wannan ba, ƙa'idar ma ba ta yarda da matansayit a kan dogo ba, domin daga nan tsaga ke farawa. Abin da suke yi shi ne hanzarta hucewar kai da iska, ko feshin ruwa, ko wani ruwan tsomawa mai sauƙi, ta yadda falayit zai samu a ƙasa, wajen 550 zuwa 600, maimakon kusa da 700. Farantan sai su yi sirara su matsu, tauri ya hau, danƙo bai tafi ba.

Mun huda rami a gefen kan muka cusa tamokwafil. Guntu mai santimita 30 ya ɗauki minti 70 kafin cikinsa ya kai 850. Da fanka kawai: rami 3.6, wato 285. Ƙari kaɗan ne a kan 269.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An sake, da kwamfiresa da bututu mai huji 12 a jere, santimita 4 sama da kan. Daga 800 zuwa 500 ya ɗauki sakan 110. A wajen 600 agogo ya tsaya cak na 'yan sakanni har ya ɗan hau, wannan zafin da falayit ke fitarwa ne lokacin samuwarsa, kuma a nan ne ake son iska ta fi ƙarfi. Tankin kwamfiresarmu a daidai nan ya fara saki. Sakamako: 3.4 a tsakiya, wato 321, sai 3.5 a bakin, wato 302.

Guntun ya ɗan yi baka, milimita 2 a tsawonsa, saboda kai da ƙafa ba su huce tare ba. Giranda za ta gyara.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Guntun uwar maƙera na biyu, iska haɗe da feshin ruwa daga bindigar fenti. Rami 3.2, wato 363. Lambar ta yi kyau, amma da muka bi fuskar da magagari sai muka sami tabo biyu kamar faɗin kwabo inda yake zamewa. Bindigar ta yi tofi a nan, ɗigon ruwa ya sauka maimakon hazo, wurin ya zama matansayit. Asid ya nuna su fari-fari. An sa guntun a tiren yashi a 300 na awa biyu don a kashe gautsin tabon. Feshin yana bukatar matatar ruwa da tazara mai yawa, kuma a yanke shi da zarar an sauko 500.

A ganinmu 320 zuwa 360 a Brinell ya isa aikin kwano da miƙar ƙusa da ƙananan ƙira, amma masaba za ta bar masa shaida idan ta kuskure. Uwar maƙera ta gaske fuskarta ta haura 50 a Rockwell.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Gindi. An ɗiga walda a ƙafar dogo da farantin ƙasa ba tare da ɗumamawa ba, ɗigon ya tsage a gefensa kafin a ajiye abin riƙo. An kankare, aka ɗumama ƙafar zuwa 320, aka yi da sandar E7018 da aka busar a oban, aka rufe da busasshen yashi har safe. Ta riƙe. Sanda sidi 90. Na biyu ba za a yi masa walda ba, za a kama ƙafarsa da faranti da noti a kan kututture, ya fi sauƙi kuma ba ya taɓa gashin kai.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau: ƙarfe da dako 641, faifai 224, tanderu da bona 1,130, ma'auni 520, gas cika uku 735, mai 540, oban 450, gwaji 300, sandar walda 90. Jimla sidi 4,630. Abin da ke hannu: kurfi 9 da aka gama, 3 masu jiran sake tsomawa, uwar maƙera 2.

Kurfi shida sun tafi wurin magina biyu a Aboabo da Asawase, kowanne da lamba a jikinsa. Za su dawo da su bayan mako uku a duba baki da ƙeya. Baba ya karɓi ɗaya, ya ce zai gwada shi a kan sifirin tirela.

Azumi ya gabato, aikin wuta zai koma bayan asuba zuwa ƙarfe goma. Kurfin gaba baki kawai za a tsoma, santimita 6, don a huta da gyaran ƙeya, sai dai a riƙa motsa shi sama da ƙasa kada layin mai ya bar iyaka mai kaifi. Za a shafa musu yumɓu mai ruwa-ruwa kafin shiga tanderu a ga ko fatar da ke rasa kabon za ta ragu. Ana neman tanki na biyu don kwamfiresa, da gutsure ɗaya da za a aika awon sinadari. Man ya fara duhu da kauri, za a tace shi ranar Asabar.